Daga Baron Mai Rake a New Bell Zuwa Gangunan Jamaika

A shekarar 2012, lokacin da Jamaika ta cika shekara 50 da samun mulkin kai, kamfanin Appleton Estate ya fito da wata giya da ta yi shekara 50 cur tana kwance cikin gangar katako. Kwalba 800 kacal aka ɗura, aka sa wa kowace dala 5,000, wato wajen sefa miliyan biyu da rabi a canjin wancan lokaci. Abin da ke cikin kwalbar nan, in aka bi salsalarsa, rake ne. Raken nan dai da ake fere wa yara a kan baro a unguwar Hausawa ta New Bell, cikin birnin Duwala, na sefa hamsin ko ɗari.

Sunan giyar rum. Haramun ce a wurinmu kamar kowace giya, ko ta shekara 50 ko ta kwana ɗaya, kuma hukuncin da ya zo a Suratul Ma'ida bai keɓe mai tsada ba. Ba na sha, ba na kuma yi wa kowa sha'awar sha. Duk da haka ina ganin ya kamata Bahaushen Duwala ya san labarinta, domin akwai gumin kakanninmu da jininsu a ciki, kuma ƙanwarta ta leda tana nan cikin lungunanmu tana cinye mana samari. Bayan wannan, akwai abin da masu yin ta suka riga mu ganewa game da darajar rake, wanda mu ma muke da hanyar halal ta cin moriyarsa.

Duk wanda ya saba tsayawa gaban mai rake a kewayen babbar kasuwar New Bell ya san zaɓen rake ma gwaninta ce. Mai saye ba ya nuna kowane kara. Zai ɗaga ya ji nauyinsa a hannu, ya duba tsawon gaɓa, ya leƙa bakin sara ko ya fara ja. "Malam, na gindi za ka ba ni, ban da na kai," domin kowa ya san a gindi zaƙi yake taruwa, kan kuwa lami ne. Mai rake ya riƙe karan da hagu, ya sa wuƙa ya zare ɓawon tsiri-tsiri daga sama zuwa ƙasa ba tare da ya ci naman ba, ya datse gaɓoɓin, ya yayyanka, ya zuba a farar leda. Abin da mai saye ke gudu shi ne raken da ya kwana biyu da sara, wanda zafi da damshin Duwala suka sa ya fara tsami. To, wannan tsamin shi ne mafarin rum.

Yadda ake yin ta

A masana'antar sukari, in an matse rake an dafa ruwan har sukari ya haɗu an kwashe, akwai wani baƙin maɗi mai kauri da yake saura. A ƙarni na 17, a Birazil da tsibirin Babados, masu gandayen rake suka mayar da wannan ragowa hanyar kuɗi: a surka maɗin da ruwa, a bar shi ya tsimu, a dafa, a tare tururin ya koma ruwa. Kamfanin Mount Gay na Babados yana da takardar da ke nuna ana wannan aiki a wurinsa tun 1703.

Wadda masana harkar suka fi girmamawa ita ce ta tukunya, kuma Jamaika ce gidanta. A gandun Hampden da ke yankin Trelawny, wanda aka kafa a 1753, ba a sa yis na kanti. Ana zuba maɗin cikin manyan kwatarniyoyin katako a buɗe, a bar ƙwayoyin da ke cikin iskar wurin su yi aikinsu na makonni, alhali a masana'antun zamani kwana ɗaya ko biyu ya isa. Ana ƙara masa ruwan da ya saura a gindin tukunya daga dahuwar baya, da tsamin ruwan rake, da wata ruɓaɓɓiyar laka da ake ajiyewa a rami shekara da shekaru. Waɗanda suka shiga ɗakin tsimin suna ba da labarin wari mai hawa kai. Daga cikin wannan warin ne ƙamshin 'ya'yan itace da aka san rum ɗin Jamaika da shi yake fitowa, har ta kai hukuma ta ƙayyade iyakar yawan sinadaran ƙamshin da za a bari a cikinta.

Tukunyar ta tagulla ce, mai dogon wuya lanƙwasasshe. Tururi yana tashi daga cikinta ya ratsa wasu ƙananan tukwane biyu, sannan ya bi murɗaɗɗen bututu da ke cikin ruwan sanyi ya ɗigo. Girki ɗaya ake yi, a sauke, a wanke, a sake ɗorawa. Mai tukunya yana ware abin da ya fara ɗigowa da na ƙarshe, ya riƙe na tsakiya, kuma a wurin yanke wannan shawara ake gane gwani. Akwai wata na'ura mai siffar doguwar hasumiya da wani mutumin Ailan, Aeneas Coffey, ya yi wa rajista a 1830, wadda ba ta tsayawa dare da rana. Ita ce ke ba da barasa mai yawa da araha, amma takan wanke kusan duk ɗanɗanon rake. A ƙasar Guyana kuwa, a masana'antar Diamond kusa da Georgetown, har yau ana aiki da wata tukunyar katako da asalinta ya koma gandun Port Mourant na 1732.

Fara sol take fitowa kamar ruwa. Launi da rabin ɗanɗanon daga ganga suke zuwa, yawanci gangar katakon oak mai cin kusan lita 200 wadda aka gama amfani da ita a Amurka. Zafin Karebiyan yana sa katakon ya buɗe da rana ya tsuke da dare, giyar ta shiga cikinsa ta fito. Amma zafin nan yana karɓar ladansa. A Sikotland ganga takan yi asarar kusan kashi 2 cikin 100 a shekara, a Karebiyan kuwa kashi 6 zuwa 8 ne ko fiye. Ke nan wanda ya ajiye ganga shekara 10 a Jamaika, wajen rabi zai tarar. Yawancin giyar kasuwa ana surka ta da ruwa ta sauko kashi 40 cikin 100 na barasa kafin a ɗura. Wadda ake ce wa mai ƙarfin ganga ita ce aka ɗura yadda ta fito, ba surki, kuma takan kai kashi 55 zuwa 65.

Masu ɗanɗana ta ba kwankwaɗa suke yi ba. Suna zuba ɗan kaɗan cikin ƙaramin kofin gilashi mai faɗin ciki da tsukakken baki, su bar shi ya huta na wasu mintoci don zafin ya lafa. Su kawo hanci a hankali, baki a ɗan buɗe. Su kurɓi abin da bai wuce jiƙa harshe ba, su ɗiga ruwa ɗigo biyu ko uku, su sake shinshinawa, sannan su jira su ji tsawon lokacin da ɗanɗanon zai zauna a maƙogwaro. A ta Hampden suna ambaton ayabar da ta nuna ta wuce misali, da abarba, da wani wari irin na fenti. A ta Caroni ta tsibirin Tirinidad suna ambaton kwalta da roba da hayaƙi, kuma yabo ne a wurinsu. An rufe masana'antar Caroni a farkon shekarun 2000. A 2004 wani ɗan kasuwar Italiya, Luca Gargano, ya tarar da gangunanta jibge a rumbun ajiya, ya saya, ya riƙa ɗurawa yadda suke. Yau masu tara kwalabe suna rububinsu da kuɗi mai nauyi, tunda babu sabuwa da za ta sake fitowa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a harkar shi ne takardar da ke jikin kwalba. Za ka ga sunan gandu, da shekarar da aka dafa, da shekarar da aka ɗura, da irin tukunyar, wani lokaci har lambar ganga. Ana sanin gwanaye da sunansu, kamar Joy Spence, masaniyar kimiyyar sinadarai da ta zama shugabar masu haɗa giya ta Appleton a 1997, mace ta farko a duniya da ta riƙe irin wannan matsayi. A 2016 Jamaika ta yi wa sunan rum ɗinta rajista don kada wani ya ɗauka ya liƙa wa nasa. Tsibirin Martinik ya riga ta, tun 1996, a ƙarƙashin dokar Faransa. Mutanen Jamaika sun ɗauki ragowar da a da ake ba dabbobi, suka ba ta suna da asali da doka.

Wa ya sari raken?

Takardar jikin kwalba takan faɗi 1753 da alfahari, amma ba ta cika faɗin waɗanda ke cikin gonar a 1753 ba. Ingila ta ƙwace Jamaika daga Sifen a 1655, ta mayar da ita gandun rake. Kusan mutum miliyan ɗaya aka sauke a tsibirin daga Afirka a matsayin bayi. Da aka zo soke bautar a 1834, waɗanda aka ƙirga ba su wuce 311,000 da 'yan kai ba. Rake ne ya ci sauran, shi da bulala da cuta da yunwa. Da yake dole a matse rake cikin kwana ɗaya ko biyu da sara, a lokacin girbi injin ba ya tsayawa, mutane na tura kara cikin ƙarafa suna gyangyaɗi. Akan ajiye gatari kusa, saboda in injin ya kama hannu a datse shi kafin ya ja mutum gaba ɗaya.

Giyar da aka samu daga wannan wahala ita aka sake lodawa a jirgi aka kawo gaɓar Afirka aka sayi wasu mutanen da ita. 'Yan kasuwar Newport da ke Rhode Island a Amurka sun yi suna a wannan ciniki. A gaɓar Kamaru ma akwai Bimbiya, kusa da Limbe, inda kufan tashar bayi yake har yanzu.

Cikin waɗanda aka kai akwai namu. Abubakar Siddiƙ, wanda aka haifa a Tumbuktu wajen 1790 ya yi karatu a Jenne da Buna, an kama shi a yaƙi aka kai shi Jamaika yana saurayi. Ya yi kusan shekara 30 a bauta, yana rubuta wa ubangidansa lissafin kaya da haruffan Larabci, har ya sami 'yanci a 1834. A tarihin rayuwarsa da ya rubuta da hannunsa ya ambaci Katsina da Barno cikin asalin mahaifiyarsa, ya ce sunanta Hafsatu, ana kiranta Nagode. A Bahiya ta Birazil, wata ƙasar rake, Hausawa ne suka shirya tawayen 1807, suka kuma tashi a 1814. Duk mai jin daɗin labarin tsohuwar ganga, ya haɗa da wannan a lissafi.

Abin da ya iso bakin kogin Wuri

Ita Afirka ba ta shekara 50 aka kawo mata ba. Kamfanin Woermann na Hambug ya kafa rumfarsa a Duwala a 1868, kuma barasa na cikin manyan kayan da jiragen Jamus ke saukewa a wannan gaɓa, yawancinta ta dankali da hatsi ce mai arha, a rina ta a kira ta rum ko jin. Wakilan kamfanonin Hambug ne suka sa hannu da Sarki Bell da Sarki Akwa a yarjejeniyar 12 ga Yulin 1884 da ta buɗe wa Jamus ƙofar Kamaru. Adolph Woermann da kansa ya tsaya a majalisar dokokin Jamus yana kare cinikin barasa. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta ba da damar hana shigar da ita yankunan da ba su saba da ita ba, abin da ya sa Arewacin Najeriya ya zama yankin hani a zamanin Turawa. Gaɓar teku ba ta sami wannan kariya ba.

New Bell kanta 'yar wancan zamani ce. Jamusawa sun yanke shawarar tashin mutanen Duwala daga bakin kogi su tura su ciki, su bar fili tsakaninsu da unguwar Turawa. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi, aka rataye shi tare da Ngoso Din a ranar 8 ga Agustan 1914. 'Yan ƙasa da yawa ba su zauna inda aka tura su ba, sai wurin ya cika da baƙi: Hausawa fatake da mahauta da malamai, Bamileke, Basa, Ewondo, da mutanen Afirka ta Yamma. A nan kakanninmu suka kafa masallatai da makarantun allo, suka riƙe addininsu a tsakiyar birnin da mashaya ke kowace kusurwa.

Yanzu jarabawar ta canza kama. Ba sai yaro ya shiga mashaya an gan shi ba. Barasar leda, wadda ake kira wiski, tana shiga aljihun riga, kuɗinta sefa hamsin ko ɗari, daidai da kuɗin rake. Ƙarfinta ya kai kashi 40 cikin 100 ko ya ɗara. Ɗan acaba ya fasa ɗaya da haƙori kafin ya ɗauki fasinja, ɗan dako ya tsotsa a bayan rumfa, ɗan makaranta ya ɓoye a jaka. Da safe a duba magudanun ruwa a ga ledojin. Ba na cewa yaran Hausawa sun fi na kowa sha, amma wanda ya ce babu namu a ciki bai zaga lungu da dare ba. A watan Satumban 2014 gwamnatin Kamaru ta fitar da dokar hana yin barasar leda da sayar da ita, ta ba kamfanoni wa'adin shekara biyu, daga nan aka yi ta ɗage wa'adin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019 kaɗai. Ta kwalba mai tsada da ta leda duk hanta ɗaya suke ci, sai dai ta leda ta fi sanin hanyar gidan talaka.

Shi ma saran rake bai zama tarihi ba. Jirgin ƙasan da ke tashi daga Yawunde zuwa Ngaundare yana ratsa Mbandjock, inda kamfanin SOSUCAM yake noman rake tun shekarun 1960, da Nkoteng a kusa. Da yawa daga masu saran 'yan arewa mai nisa ne, Tupuri da Masa, da suke zuwa aikin kaka. A Fabrairun 2025 yajin aikinsu kan albashi ya rikiɗe har aka yi asarar rai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tamu hanyar

Bahaushe ma ya daɗe da sanin yadda ake tsare zaƙin rake kada ya lalace, kuma hanyarsa ba ta bi ta tsami ba. A ƙasar Zazzau, wajajen Maƙarfi da Kudan da Hunƙuyi da Ikara, da Ɗanja a jihar Katsina, in kaka ta yi sanyi ya fara sauka, za ka hangi hayaƙi a bakin fadama. Doki na zagaye yana jan doguwar sanda, ƙarafan injin na juyawa, mutum na zaune yana tura kara, ruwan na zuba cikin duro. A wurare da yawa yanzu injin mai ya maye gurbin dokin. Ana juye ruwan cikin babban kasko a kan murhun da aka haƙa a ƙasa, a hura wuta da busasshiyar tukar raken, ba a sayen itace. Mai dahuwa na tsaye da dogon ludayi yana kwashe kumfa da datti. Ruwan ya tashi daga kore ya koma ruwan zuma, ya fara tafasa da nauyi yana fitar da manyan ƙwaya. Sai ya ɗebo kaɗan ya ɗiga a ruwan sanyi ya murza da yatsa. In ya yi garaje ya sauke, ba za ta daskare ba. In ya yi jinkiri kaɗan, ta yi ƙauri, aikin yini ya tashi a banza. Da ta yi, a sauke, a yi ta juyawa, a zuzzuba cikin ƙananan kwanoni da aka jera a ƙasa, in ta huce a kife. Mazarƙwaila ke nan.

Wannan mutumin da ludayi bai gaza mai tukunyar Hampden a gwaninta ba. Tsofaffin mata masu yin alkaki da nakiya da alewa kuwa su ne masu ɗanɗanonmu. Hajiya za ta ɗauki curi ta ƙwanƙwasa, ta ɓantara ta duba ciki ko yana da yashi-yashi mai kyau, ta shinshina, ta sa a harshe. Ta san wadda ke da gardi, da mai bauri, da wadda wuta ta ci ta yi ɗaci, da wadda aka yi wa algus. Za ta ce wa yaron shago, "Ɗan nan, wannan ta bara ce, kawo min sabuwa." Amma wannan ilimi a baki yake, ba a rubuce ba, kuma yana tafiya da masu shi.

Wadda ta iso Duwala cikin kayan fatake kuwa tana shan wuya. Birni ne da ruwan sama ke zuba fiye da milimita 3,500 a shekara, ita kuwa mazarƙwaila tana jan damshi, sai ka tarar ta yi laushi tana naso a buhu, ƙuda na bi. Babu sunan gari a jikinta, babu shekara, babu sunan wanda ya dafa. Mai kyau da marar kyau kuɗinsu ɗaya, don haka babu abin da zai sa mai dahuwa ya ƙara ƙoƙari.

Wasu ƙasashe ba su bar tasu haka ba. A Kolombiya, inda suke kiranta panela, akwai doka tun 1990 da ke kare masu yin ta. A Indiya ta garin Kolhapur tana da rajistar asali. A Japan ana sayar da ta tsibiran Okinawa da sunan kowane tsibiri, mai saye na bambance ɗanɗanon wannan da wancan. Abu ɗaya ne da namu, ruwan rake da wuta. Ba kuma ina cewa magani ce ba: sukari ce, mai ciwon sukari ya kiyaye ta kamar yadda yake kiyaye farin sukari. Amma abinci ce ta halal, da ke riƙe manomi da mai doki da mai dahuwa da mai mota da mai talla, ba ta kuma taɓa raba wani da hankalinsa ba.

'Yan kasuwarmu na New Bell, waɗanda suka iya kawo goro da shanu da kilishi daga nisan duniya, ba za su kasa wannan ba. A nemi masu dahuwa na kirki a yi alkawari da su, a naɗe kowane curi cikin abin da damshi ba ya ratsawa, a rubuta gari da shekara da sunan mai dahuwa, da Hausa da Faransanci. Limamai da masu unguwanni su ci gaba da matsa wa hukuma ta cika dokar da ita da kanta ta yi a 2014, a kwashe ledar nan daga gaban yaranmu. Kai kuma mai karatu, in ka je sayen mazarƙwaila, tambayi ta wane gari ce da wanda ya dafa ta, in ka sami mai kyau ka biya ta kuɗinta ba tare da ka karya ba.